Gadon Ciwon Suga a Unguwar Sabo: Abin da Maikro-RNA Zai Iya Faɗa da Wanda Bai Isa Faɗa Ba Tukuna

Daga shataletalen Mokola, in ka miƙe titin Sarauniya Elizabeth, ba ka yi wata tafiya ba sai ga asibitin koyarwa na Jami'ar Ibadan, UCH, wanda aka buɗe a 1957. In ka juya ta ɗaya gefen kuwa, kafin gumi ya karyo maka ka shiga Sabo, unguwar da gwamnatin Turawa ta keɓe wa Hausawa a 1916. Maƙwabta ne na ƙut-da-ƙut, amma a fagen ilimin ƙwayoyin gado tazarar da ke tsakaninsu mai yawa ce. Da aka ƙaddamar da aikin HapMap a 2002 domin zana taswirar bambance-bambancen gadon ɗan Adam, daga Ibadan aka ɗebi jinin da ya wakilci Afirka a zangon farko: mutum 90, iyalai 30 na uwa da uba da ɗa, dukkansu Yarbawa. Har yau ɗalibin da ya buɗe rumbun bayanan gado, a Landan yake ko a Alƙahira, zai ci karo da harufan YRI. Aikin da ya biyo baya, na karanta gadon mutum dubu, ya ƙunshi al'ummu 26 na duniya, biyu daga Najeriya: Yarbawan Ibadan da mutanen Esan. Babu Hausawa a ciki.

Wannan giɓi zai same mu ne a kan cutar da ta riga ta shimfiɗa tabarma a gidajen Sabo. In likita ya tambayi dattijo, "Baba, akwai mai suga a danginku?" amsar da ya saba ji ita ce, "Ai likita, namu gado ne. Shi ya kwantar da mahaifiyarmu, yayana ma da shi ya tafi." Dattijon ya faɗi gaskiya. Sai dai abin da ke cin ransa ba kansa ba ne, 'ya'yansa ne: a cikinsu wa ya ɗauko, kuma yaushe abin zai fito? Shekaru goma sha biyar ke nan masu bincike suna hasashen cewa wasu 'yan mitsi-mitsin sinadarai da ke yawo a jini, maikro-RNA, za su iya ba da amsa tun suga bai hau ba. A ganina hasashen yana da tushe mai ƙarfi. Amma jinin mutanen Sabo yana cikin irin jinin da ya fi saurin rikita wannan gwaji, saboda haka ba aikin da za a gama a Turai a aiko mana da shi a kwali ba ne.

Me ake gada

Kashi 90 cikin 100 na masu ciwon suga nau'i na biyu ke damunsu, kuma shi ake nufi a nan. Akwai wata gaɓa kwance a bayan tumbi, fankiriyas, mai ɗauke da ƙwayoyin beta da ke zubo insulin cikin jini duk lokacin da aka ci abinci. Insulin ke sa tsoka da hanta da kitse su karɓi sugan da ke jini. Ciwon yana farawa ne idan waɗannan sassa suka fara taurin kai ga insulin, ƙwayoyin beta su ƙara himma su cike gurbi, su yi shekaru a haka, har ranar da suka gaza. A ranar ne na'urar gwaji take nuna abin da ya daɗe yana tafiya.

Babu gardama a kan cewa yana bin jini. Binciken iyalan garin Framingham na Amurka, wanda aka wallafa a 2000, ya nuna wanda ɗaya daga cikin iyayensa ke da ciwon haɗarinsa ya ninka kusan sau uku da rabi, wanda duka biyun ke da shi kuwa sau shida. Abin da ya ba da wuya shi ne gano ainihin abin da ake miƙawa. A 2006 masu bincike a Aisland suka gano ƙwayar gado TCF7L2, wadda har yanzu tana cikin masu nauyi a wannan cuta. Shekara guda bayan nan, da jinin mutanen Afirka ta Yamma aka tantance takamaiman wurin da matsalar take a cikinta, domin gadon mutanen Afirka ya fi daɗewa yana cakuɗuwa, guntayen da ake gada a dunƙule sun fi gajarta, nuna wuri da yatsa ya fi sauƙi. Jinin ya fito ne daga binciken AADM, wanda Farfesa Charles Rotimi ya jagoranta tun ƙarshen shekarun 1990, aka riƙa tattara 'yan'uwa biyu-biyu masu ciwon suga a Ibadan, Legas, Inugu, Akara da Kumasi. A 2019 Adebowale Adeyemo da abokan aikinsa, bayan nazarin mutum 5,231 daga Najeriya, Gana da Kenya, suka fito da wata ƙwayar gado, ZRANB3, wadda binciken Turawa bai taɓa hango ta ba, suka kuma nuna a jikin wani ɗan kifi cewa in aka kashe ta ƙwayoyin beta suna raguwa.

Zuwa 2024 an lissafa wurare 611 a cikin gadon ɗan Adam masu alaƙa da ciwon, daga nazarin mutum sama da miliyan biyu da rabi. Mai karatu zai zaci an gama. Ba a gama ba, domin kowane wuri ɗan tasirinsa kaɗan ne. Tun 2008 aka gwada a Framingham: an ɗauki alamomin gado 18 aka ƙara a kan abin da likita ya riga ya sani, wato shekaru, nauyi, hawan jini, sugan safe da tarihin iyali, sai ƙarfin hasashen ya motsa daga 0.900 zuwa 0.901. Tambayar da ake yi wa dattijo a bakin teburin likita ta riga ta kwashe kusan duk abin da wancan gwaji mai tsada zai faɗa.

Akwai kuma hujja ta kusa da gida. Binciken da Anas Sabir da abokan aikinsa suka yi a Sakkwato ya samu ciwon suga a kashi 4.6 cikin 100 na Fulanin birni, a Fulanin karkara kuwa kashi 0.8. Jini ɗaya, rayuwa biyu. Nazarin da Farfesa Andrew Uloko na Jami'ar Bayero ya jagoranta a 2018 ya ƙiyasta kashi 5.77 ga Najeriya baki ɗaya, kashi 3.0 a arewa maso yamma, kashi 5.5 a kudu maso yamma. Bahaushen Sabo ya ɗauko jinin arewa ya zo yana rayuwar babban birnin kudu. Ɗan canji yakan wuni a kan benci, tafiyarsa ba ta wuce zuwa masallaci. Je ka teburin mai shayi bayan isha'i ka dubi hannunsa: cokali uku na suga, madarar gwangwani a kai, ga burodi rabin sanda, sannan a wuce wajen mai tsire. Matan da ke cikin gida kuma sana'arsu a zaune take. Ƙwayar gado tana nan yadda take tun ranar haihuwa har ranar mutuwa, ba za ta iya gaya maka ko wannan rayuwa ta fara cin jikin mutum ba. Ana bukatar wani abu mai canjawa tare da jikin, kuma nan maikro-RNA ya shigo.

Masu tsaron zaure

A 1993 ɗakin binciken Victor Ambros da na Gary Ruvkun a Amurka suka wallafa sakamakon nazarin wata 'yar tsutsa da tsawonta bai wuce milimita ɗaya ba. Sun gano wata ƙwayar gado, lin-4, wadda ba ta samar da furotin kamar sauran, sai wani ɗan guntun RNA mai harufa kusan 22, aikinsa kawai ya manne wa saƙon wata ƙwayar ya hana shi aiki. Duniyar kimiyya ta ɗauka abin tsutsa ne kawai. Sai a 2000 Ruvkun ya samo na biyu, let-7, aka ga yana jikin ƙuda, kifi da mutum. Yau an san ɗan Adam yana da irinsu fiye da dubu, kuma a 2024 aka ba mutanen biyu kyautar Nobel ta likitanci.

Mutumin Sabo zai fahimci aikinsu daga tsarin da unguwarsa ta ginu a kai. Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabo a 1962 da 1963 lokacin mazaunanta sun ɗan haura 4,000, ya bayyana yadda cinikin goro da shanu ya rataya a kan maigida, mai saukar fatake, da yaransa masu kai saƙo kasuwa. Ɗauki DNA a matsayin littafin maigida, wanda ba ya fita daga ɗaki. Duk abin da za a aiwatar, yaron aike ake ba ya kai. Maikro-RNA shi ne wakilin da ke zaune a zaure, ya bar wannan yaro ya wuce, ya tsayar da wancan. Bai goge ko harafi ɗaya a littafin ba, amma yawan huhun goron da zai isa kasuwa yau a hannunsa yake. Guda ɗaya yana iya tsare saƙonni ɗaruruwa, kuma yawansa yana hawa yana sauka gwargwadon abin da jiki ke ciki: yunwa, ƙiba, kumburi, ciki, motsa jiki.

Alaƙarsu da suga ta fito da wuri. A 2004 ɗakin binciken Markus Stoffel ya gano miR-375, wanda ya fi taruwa a tsibiran fankiriyas, yana daidaita yawan insulin da ake zubowa. A 2011 suka nuna miR-103 da miR-107 suna yawaita a hantar ɓeraye masu ƙiba, in aka toshe su jikin ɓeran ya dawo yana jin maganar insulin. Abin da ya mai da zancen na asibiti shi ne binciken 2008 da ya tabbatar cewa waɗannan guntaye suna nan a ruwan jini, a lulluɓe cikin 'yan ƙunshin kitse ko maƙale da furotin, ba sa lalacewa da sauri kamar sauran RNA. Ke nan ana iya jin labarin hanta ko fankiriyas daga jinin hannu, ba tare da an taɓa gaɓar ba.

Binciken da kowa ke ambata shi ne na Bruneck, wani ƙaramin gari a tsaunukan arewacin Italiya, inda aka daɗe ana bin lafiyar mazauna tun 1990. A 2010 Anna Zampetaki da Manuel Mayr na Landan suka auna jinin mutum 822 da aka ajiye tun 1995, suka ga miR-126, wanda ke kula da lafiyar bangon jijiyoyin jini, ya ragu a masu ciwon suga. Abin da ya ɗaga hankalin masana shi ne mutanen da sugansu yake daidai a 1995 amma ciwon ya kama su cikin shekaru goma da suka biyo: tun a jinin farko an ga raguwar. Ya kamata a faɗi yawansu, domin sau da yawa ana tsallake shi: mutum 19 ne. A 2017 wannan gari ya sake ba da wani sakamako, cewa yawan miR-122, wanda daga hanta yake fitowa, yana tafiya da haɗarin kamuwa cikin shekaru 15.

A inda gado ya fi fitowa fili ma an ga alama. Akwai wani nau'i da ake kira MODY, wanda ƙwayar gado guda ɗaya tak ke jawowa, yakan kama mutum kafin shekara 25, kuma kowane ɗa yana da rabin yiwuwar ɗauka. Masu shi ba su wuce ɗaya ko biyu cikin ɗari na masu ciwon suga ba, amma gane su yana da amfani ƙwarai, domin masu nau'in HNF1A sau da yawa ƙwayar magani mai arha ta ishe su, ba sai allura ba. A 2013 masu bincike a Dublin suka samu miR-103 da miR-224 sun yawaita a jinin masu ɗauke da wannan gado. Gidan da kaka, uwa da jika duk suka kamu tun suna samari, ba su da ƙiba, wannan nau'i ya kamata likita ya fara tunani.

Dalilin neman alamar wuri a bayyane yake. Babban binciken Ingila, UKPDS, ya ƙiyasta cewa ranar da aka ce wa mutum yana da suga, kusan rabin ƙarfin ƙwayoyin beta ɗinsa ya riga ya tafi. A Afirka kuwa, ƙididdigar Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta 2021 ta ce cikin mutum miliyan 24 masu ciwon, sama da rabi ba su san suna da shi ba. A wajenmu mutane da yawa sai sun ga kiyashi na bin fitsari, ko gyambon ƙafa ya ƙi warkewa, ko ido ya fara hazo.

Gadon da ba a rubuce yake ba

Nan ne nake ganin maikro-RNA ya fi cancantar a sa masa ido, kuma nan ne aka fi yi masa ƙarin gishiri. Iyaye ba harufan DNA kaɗai suke miƙawa ba. A cikin Indiyawan Pima na Amurka an kwatanta 'yan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya, wasu an haife su kafin uwar ta kamu, wasu bayan ta kamu. Sakamakon da aka wallafa a 2000 ya nuna na bayan sun fi haɗari kusan sau huɗu. Da aka yi irin wannan lissafi da ciwon uba, ba a ga bambanci ba. Ashe zaman wata tara a cikin da suga ya yi yawa shi ma gado ne. Yunwa ma haka. A 2009 aka auna mutum 1,339 a kasuwannin Inugu, waɗanda aka haifa tsakanin 1965 da 1973, aka ga waɗanda yunwar yaƙin basasa ta same su suna ciki ko suna goye sun fi hawan jini, sun fi faɗin ƙugu, sugansu ya fi hawa. Duk mai tunanin Sabo dole ya tuna cewa a cikin masu shekara arba'in zuwa hamsin da 'yan kai da ke unguwar akwai waɗanda aka haifa a ƙauyukan arewa da Nijar a farin 1973 da na 1984, suka girma suka zo birnin da abinci mai zaƙi ya fi komai sauƙin samu. Jikin da aka saita shi a kan rashi, ya tsinci kansa cikin yalwa.

Ta wace hanya wannan saiti ke wucewa? Mabiyiya tana zuba nata maikro-RNA cikin jinin uwa, kuma a Afirka ta Kudu Carmen Pheiffer da abokan aikinta sun samu wasu daga cikinsu sun ragu a mata masu sugan ciki. Ta wajen uba, an ciyar da ɓeraye maza abinci mai maiƙo, aka ga ƙananan RNA na maniyyinsu sun canja. Da aka tsamo waɗannan RNA aka zuba cikin ƙwan lafiyayyar ɓera, 'ya'yan suka tashi jikinsu ba ya sarrafa suga da kyau. Wannan sakamako ne mai girgiza tunani, amma a ɓera aka gan shi, kuma tsakanin ɓeran keji da magidancin Sabo akwai tafiya. Abin da ya tabbata a mutum shi ne na uwa, kuma shi ne ake iya yin wani abu a kai yau ɗin nan: a auna sugan mai ciki tsakanin mako na 24 da na 28.

Inda jininmu ke kawo cikas

Dubi yadda gwajin yake a hannu. Ana ɗibar jini a 'yar kwalba mai murfi ruwan shuni, a sa a injin juyawa, jajayen ƙwayoyi su kwanta ƙasa, ruwan jini ya taso sama, launinsa kamar na karan dawa busasshe. Wannan ruwa ake so. In ma'aikaci ya ɗaga kwalbar ya ga ruwan ya yi ja-ja, ko da kaɗan ne, an samu matsala, domin jajayen ƙwayoyi sun fashe sun zubar da nasu maikro-RNA, musamman miR-451 da miR-16, waɗanda suke da yawan gaske. Wani abin takaici shi ne bincike da dama sun yi amfani da miR-16 a matsayin ma'aunin da ake gwada sauran da shi. Allura siririya, girgiza kwalba, ko barin jini cikin zafi, duk suna fasa ƙwayoyi.

A Italiya wannan matsalar ma'aikaci ce. A Najeriya matsalar jiki ce. Tsakanin kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na 'yan ƙasar nan suna ɗauke da rabin gadon sikila, wato AS, kuma ana haifar jarirai kusan 150,000 da cikakkiyar cutar duk shekara. Zazzaɓin cizon sauro aikinsa ke nan, fasa jajayen ƙwayoyi. Ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ba baƙo ba ne a mazanmu, shi ma yana gajarta ransu. Ba a nan abin ya tsaya ba. A 2012 masu bincike a Jami'ar Duke suka nuna cewa jajayen ƙwayoyin mai gadon sikila sun fi na kowa ɗaukar miR-451 da let-7i, kuma waɗannan guntaye suna shiga jikin ƙwayar cutar maleriya su rage mata girma. Wato tsarin maikro-RNA na jinin mai AS daban yake tun asali, kuma wannan bambanci na cikin abin da ya kare kakanninmu daga zazzaɓi. Ma'aunin da aka yanka a kan jinin mutanen Bruneck bai san da wannan ba.

Mun riga mun ga irin wannan da gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sugan wata uku, ake cewa mutum ya kamu in ya kai 6.5. Shi ma a kan jajayen ƙwayoyi ya dogara. A 2017 wani babban nazari ya nuna cewa nau'in G6PD na mutanen Afirka yana sauke sakamakon da kusan 0.8 a maza, aka ƙiyasta baƙaƙen fatar Amurka 650,000 masu ciwon za su iya wucewa a ce lafiyarsu lau. A shekarar kuma wani binciken ya samu masu AS suna nuna adadi ƙasa da na gaskiya. An yi shekaru ana amfani da gwajin kafin a lura.

Shi kansa miR-126 ya zo da nasa rikicin. A 2013 masu bincike suka gano cewa kaso mai yawa nasa daga ƙwayoyin daskarar da jini yake fitowa, kuma asfirin yana sauke shi. Dattawa nawa ne ke haɗiyar asfirin ko maganin ciwon jiki da suka saya a kemis ba tare da sun gaya wa likita ba? A unguwar Bellville ta Kudu a Kef Tawun, inda Farfesa Tandi Matsha ta jagoranci bincike, an auna cikakken jini maimakon ruwansa, aka samu miR-126 ya ƙaru a masu dab da kamuwa, akasin Italiya. A Suwidin, a 2014, an gwada 'yan ƙasa da 'yan Iraƙi mazauna can, miR-144 ya bi ciwon suga a 'yan Suwidin, bai bi ba a 'yan Iraƙi. Saboda irin wannan saɓani ne har yau babu wata ƙa'idar likitanci ta duniya da ta amince da gwajin maikro-RNA domin hasashen ciwon suga. Duk ɗakin gwajin da ya tallata maka shi a matsayin tabbataccen abu, ka riƙe kuɗinka.

Abin da Sabo za ta iya bayarwa

Abubuwan da ke rikita gwajin su ne suka sa Sabo ta dace da binciken. Unguwa ce ƙarama, a dunƙule, iyalai da yawa sun kai zuriya uku ko huɗu a wuri guda, kuma kusan kowane gida yana da dangi a Kano, Katsina, Sakkwato ko Maraɗi da ba su taɓa barin ƙauye ba. Ana iya kwatanta wa da ƙane, ɗaya a gona ɗaya a kan bencin canji. Auren zumunci yana tattara gado wuri ɗaya, ya sa tasirinsa ya fi fitowa. Riƙo kuma, wanda Cohen ya ga ya yawaita a Sabo, yana raba abu biyu da ke wahalar da masu bincike a ko'ina: ɗan riƙo ya ci tukunyar gida ɗaya, jininsa na wani gida ne. Wannan ma darasi ne ga likitan da ke ɗaukar tarihin iyali. In mara lafiya ya ce "babana," a tambaye shi cikin ladabi ko mahaifi yake nufi ko baffan da ya riƙe shi, in ya ce "ɗan'uwana," a ji ko shaƙiƙi ne ko 'yan uba ne.

Binciken da zai yi amfani ba na ɗibar jini sau ɗaya a gwada masu ciwo da marasa ciwo ba ne, irinsa ya yi yawa a mujallu. Sai an ɗauki 'ya'yan masu ciwon suga tun suna lafiya, ɗaruruwa, a rubuta rukunin sikilarsu da G6PD, a duba maleriya ranar ɗibar jini, a ajiye ruwan jinin a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili wadda wuta ba ta yanke mata, a bi su shekara goma. Sannan a yi tambayar da ta kayar da gwajin ƙwayoyin gado a 2008: me ya ƙara a kan tarihin iyali, tef ɗin awon ƙugu da sugan safe? Kwalejin Likitanci ta Ibadan tana da cibiyar bincike mai zurfi, IAMRAT, kuma annobar korona ta bar injinan PCR a jihohi da dama, su ne kuwa ake auna maikro-RNA da su.

Abin da ya fi injin wuyar samu shi ne amana. Mutanen arewa ba su manta gwajin maganin Trovan a kan yara 200 lokacin sanƙarau a Kano a 1996 ba, kuma inuwarsa na cikin abin da ya jawo ƙin rigakafin shan inna a 2003. Wanda zai nemi jinin mutanen Sabo sai ya bi ta fadar Sarkin Sabo da limamai, ya yi bayani da Hausa, mata su ɗebi jinin mata a cikin gida, kowa a ba shi sakamakon sugansa a hannu, a kuma faɗa masa inda za a ajiye jinin da wanda zai taɓa shi. Ina da wata fargaba da ta fi wannan. A 2024 jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure, har da na sikila, kuma wannan ya dace, domin lissafin sikila a sarari yake: AS da AS, kowane ciki ɗaya cikin huɗu. Haɗarin suga ba haka yake ba, yiwuwa ce da ke hawa tana sauka. In wata rana takardar maikro-RNA ta shiga hannun masu binciken aure, yarinyar da aka ce tana cikin haɗari za a iya guje mata a kan cutar da wataƙila ba za ta taɓa kama ta ba. Dole a rubuta tun farko cewa sakamakon na mai jinin ne shi kaɗai.

Kafin wannan rana, ɗan gidan masu suga yana da abin yi da aka riga aka tabbatar. A binciken rigakafi na Amurka da aka wallafa a 2002, an bi mutum 3,234 da ke dab da kamuwa. Waɗanda aka ɗora a kan rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da tafiyar minti 150 a mako, kamuwa ta ragu a cikinsu da kashi 58, masu shan metformin kuwa da kashi 31. Ƙungiyar likitocin suga ta Amurka tana ba da shawarar kowa ya fara gwaji daga shekara 35, mai ƙiba da ke da uwa, uba ko ɗan'uwa mai ciwon kuma ya fara tun kafin nan. Gwajin na safe ne, kafin a karya: 126 zuwa sama, in ya maimaitu, ciwo ne, tsakanin 100 da 125 kuwa gargaɗi ne, kuma a wajen masu dab da kamuwa irin waɗannan ne aka samu waccan raguwa ta kashi 58. Mai AS ko mai ƙarancin G6PD ya gaya wa likita, domin a dogara da sugan safe ko gwajin shan gulukos giram 75, kada a tsaya a kan HbA1c kaɗai.